Ranar da Inna ta Cire Baƙin Tabarau

Ni ne na dage a yi wa Inna aikin ido. Babban yayanmu, wanda take zaune a gidansa a Argungu tun rasuwar mahaifinmu, bai so ba, kuma bai ɓoye mini ba. Ranar da na je ɗaukarta ya rako mu har bakin mota, ya dafa ƙofa ya ce, "Auta, tsohuwar nan ta saba da yadda take. In anka taɓa idon, ɗan hasken da yar rage mata ya tahi, mi za ka ce mata?"

Na ce masa likita ya ce aikin ba shi da wuya, kullum yi suke yi.

Ya ce, "Ai ba uwar likita ba ta, tamu ta."

Inna tana cikin mota tana jin mu.

'Yar masunta ce, a bakin gulbi aka haife ta, kuma tun tana budurwa sana'arta bandar kifi. Na tashi na same ta tsakanin hayaƙi da tarwaɗa, mace ce da ba ta san zama ba. Sai yanar ido ta soma rufe mata gani a hankali. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura. Daga baya ta bar tsintar shinkafa, don tsakuwa ta soma wuce ta. A ƙarshe sai da murya take gane wanda ya yi sallama. Ta koma zaman tabarma a ƙofar ɗaki da carbi a hannu, ko makewayi za ta sai jika ya riƙe mata hannu. Wannan ne ya fi ci mini rai, duk zuwan da na yi gida sai na dawo Birnin Kebbi da shi a zuciya.

Aka yi aikin a idon dama, aka ce na hagu sai wannan ya warke. Washegari da aka ɓare filasta, malamar asibiti ta ɗaga yatsu a gabanta ta ce ta ƙirga. Inna ta ɗan buɗe idon, ta yi maza ta runtse, ta ce tana ganin wani abu-abu dai. Likita ya ce ba komai, zai washe. Aka ba mu maganin ɗigawa da wani baƙin tabarau mai faɗi, irin wanda ke rufe har gefen fuska, muka dawo da ita gidana a Gwadangaji.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Inna ta shige ɗakin da muka gyara mata, ta sa aka saki labule, tabarau kuma ba ya barin fuskarta sai in za ta yi alwala ko za a ɗiga magani. Ko a lokacin ma idon a runtse yake. In na dawo daga ofis na shiga gaishe ta, sai in ce, "Inna, ya idon?"

"Da sauƙi."

"Kina gani kuwa?"

"Alhamdu lillahi."

Duk wanda ya yi jinyar tsoho ya san waɗannan amsoshi ba su gaya wa mutum komai. Na ga wanda ya ce da sauƙi da safe aka yi masa sutura da la'asar. Abin da nake gani da idona shi ne, har yanzu in za ta fita tsakar gida sai ta bi bango da hannu, in an ajiye mata kwano sai ta lalubo shi. Muka koma asibiti, likita ya haska idon da fitilarsa ya ce tas yake, babu abin da ya samu aikin. Da aka zo gwada ta da allon da ake nunawa daga nesa, sai ta ce ta gaji, kanta na sarawa. Likitan ya ja ni gefe ya ce wasu tsofaffin sukan ɗauki lokaci, a riƙa fita da ita waje, zaman duhu ba zai taimaka ba. Ni kuwa zuciyata ta ce lallashina kawai yake yi.

Yaya kuma ba ya fashin kira. Kullum bayan magariba waya za ta yi ƙara. "To, Auta, ina labari?" Sai in ji bakina ya ce, "Da sauƙi." Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kashe. Bai taɓa cewa ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Abinci ya fita raina. A ofis sai in buɗe fayil in zauna ina kallonsa ban karanta layi ɗaya ba.

Fita da ita kuwa ta gagara. Na ce mu je gidan 'yar ƙanwarta da ke aure a cikin gari, ta ce ba ta son a zo ana yi mata sannu kamar wadda ta karye. Na ce mu zaga kasuwa a mota, ta ce mi za ta saya.

Matata ce ta kawo dabara. Malamar firamare ce, kuma a zangon da ya wuce sun kai 'yan ajinsu wani wuri a gefen gari, inda gidaje suka ƙare fadama ta soma. Ta ce tafki ne da aka kewaye da waya, aka hana su, wato kamun kifi, aka hana harbi, aka hana zuba shara, aka bar wa tsuntsaye da abin ruwa. Da ta kwatanta mini wurin sai na gane shi. Na san shi shekarun baya, amma a matsayin juji na san shi, inda masu kura ke juye shara kuma masu bulo ke ɗibar ruwa. Ban taɓa jin an gyara shi ba.

Ta shiga ɗakin Inna da kwanon kunu, ni ina daga bakin ƙofa. Ta ce, "Inna, akwai wani ruwa nan bayan gari, bado ya cika shi, har da tsuntsayen kirinjijiya."

Inna ta ce, "Ruwa cikin birni? Ku mutanen birni kowane kududduhi ruwa na gare ku."

"Wallahi Inna babba ne. Har kifi na tsalle."

"Uhm," in ji Inna, ta ci gaba da shan kununta.

Muka ɗauka maganar ta mutu. Ranar Asabar bayan azahar sai ga ta tana kiran matata, wai ina aka ajiye mata mayafinta mai kauri.

Lokacin kaka ne, ruwan sama ya ɗauke amma fadama ba ta janye ba. Muka tari keke mai ƙafa uku, muka sa Inna a tsakiya. Hanyar ta bi ta cikin sababbin unguwanni, gidajen da ba a gama ba, garejin makanikai, wurin masu buga bulo da injinsu na ta kwarankwatsa. Inna ta sunkuyar da kai, hannunta ɗaya a kan gwiwar matata. Ina satar kallonta ko za ta juya ta bi wani abu da ido. Ba ta juya ba. Kwalta ta ƙare, muka gangara wata 'yar hanyar ƙasa, sai ga waya da jerin itatuwan dogon yaro da ƙofar ƙarfe mai ganye ɗaya.

Mai gadin wurin dattijo ne, siriri, da hular kaba. Da ya ga tsohuwa ya taso da sauri ya buɗe ƙofar duka, ya rusuna ya gaishe ta. Tun daga amsar gaisuwar Inna ta ɗago kai.

"Kai ɗan ina na? Bakin nan ba na birni ba na."

Ya yi dariya ya ce shi mutumin Augie ne.

"Na ji," in ji ta. "Su kaka yi?"

Ya ce da can su yake yi, har ƙirji ya hana shi shiga ruwan sanyi. Yanzu ga shi an sa shi tsaron kifi kada a kama.

"Allah mai iko," in ji Inna. "Kura da gadin akuya."

Rabon da in ji ta yi wa wani ba'a tun kafin asibiti.

Ya gaya mana dokokin wurin a taƙaice. Ba a tsinkar komai, ba a jifa, ba a yar da leda, kuma a rage murya. Ya shige gaba muka bi shi a kan wata jinga da aka ɗaga aka daddaɓe, faɗinta ya ishi mutum biyu su jera. Matata ta riƙe Inna, ni ina baya da tabarma da buta.

Ban yi zaton abin da na gani ba. Daga ƙofa ba a ganin komai sai dogayen ciyayi, amma da jingar ta karkata sai ruwan ya buɗe a gabanmu, shimfiɗe har inda gonakin shinkafa suka soma rawaya. Bado ya rufe gefe guda, furanninsa farare sun soma tsukewa saboda rana ta juya. Itatuwan giyayya suna tsaye a cikin ruwa har gindi, balbelu sun yi musu fari fat. Wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. A bayanmu kuwa, ta saman waya, ga rufin kwano na gidajen mutane, ga tankunan ruwa, ga shanyar wata mata, har ana jiyo ƙarar injin niƙa. Garin yana nan kusa ƙwarai, amma iskar wurin daban take, da sanyi da ƙanshin laka.

Inna ta tsaya cak. Ta ja numfashi mai tsawo.

"Wanga ruwa na da rai," ta ce. "Ba shi wari."

Can cikin ciyawar burgu sai wani fito ya tashi, siriri, sau uku a jere, wasu suka amsa daga wani gefen.

"Kirinjijiya," ta ce a hankali. "Ashe ba ƙarya kika yi ba, ɗiyata."

Murna ta taso mini, sai kuma ta koma. Da hanci ta ji ruwan, da kunne ta ji tsuntsun. Wannan ai ko bara ta iya.

A ƙarshen jingar akwai rumfar kara da benci biyu, an yi ta a kan ɗan tudu yadda mutum zai ga ruwan sosai. Muka shimfiɗa mata tabarma don ba ta son benci. Mai gadi ya tsuguna daga gefe suka shiga hira. Ta tambaye shi wa ya rufe ruwan. Ya ce masu unguwa da dattawan masunta da hukuma ne suka haɗu, bayan shara ta kusa cinye shi, har wata damina ruwa ya rasa inda zai kwanta ya shiga gidajen mutane. Aka kwashe sharar, aka ja waya, aka dasa itatuwa. Ya ce shekarar farko ba abin da ya zo sai kwaɗi da sauro, mutane suna ta dariya. Daga baya tsuntsaye suka soma sauka.

Wannan bai ba Inna mamaki ba. A wurinsu an saba rufe ruwa, a hana kowa jefa homar kama kifi sai ranar da aka buɗe. Ta ce, "To yaushe a ka buɗe shi?"

"Ba a buɗewa, Inna."

"Ko da rani?"

"Ko da rani."

"Har abada?"

Ya ce haka aka ce masa. A nan kifi ke hayayyafa, in ruwa ya cika ya haɗe da fadama sai 'ya'yan su fita, masunta su same su a can.

Inna ta jinjina kai tana auna maganar. A daidai lokacin wani kifi ya yi tsalle ya faɗa da ƙarfi, ruwa ya yi tambal. Ta ce, "Kai! Wanga ya yi tukunya guda. Ni ɗiyar masunta, zaune, kihi na yi mini gatse." Muka yi dariya har mai gadi ya tuna mana da dokar murya, shi ma yana dariyar.

Aka kira la'asar daga wani masallaci a cikin unguwa. Mai gadi ya koma ƙofa don ya ji wasu sun iso. Matata da alwalarta, ta koma bayan rumfa ta shimfiɗa ɗankwali ta tayar da salla. Na duba buta na ga ruwan da muka zo da shi kaɗan ne, na bar wa Inna, na ce bari in gangara bakin tafkin in yi tawa alwalar. Akwai wata 'yar gangara daga rumfar zuwa ruwa, da ɗan nisa, ciyawa ta kai ƙauri. Na tuɓe takalma na naɗe hannun riga na soma sauka. Hankalina ba ya kan hanya. Ina tunanin abin da zan ce wa Yaya ne in ya kira, ko lokaci ya yi da zan gaya masa gaskiya, cewa na kai uwarmu an yanka mata ido a banza.

"Auta! Tsaya nan! Kar ka aje ƙahwar nan!"

Muryar da take daka mana ce muna yara in mun doshi wutar banda. Jikina ya tsaya kafin kaina ya gane. Ƙafata ɗaya a sama na duba ƙasa. Abin da na ɗauka guntun icce ne a kwance cikin ciyawa ya ɗaga kai ya zaro harshe. Tsari ne, irin guzan nan na ruwa, ƙato, tsawonsa ya kusa nawa, jikinsa launin laka da ɗigo-ɗigon rawaya. Ya kumbura wuya ya yi huci, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya har na ji iskarta a ƙaurina, sa'an nan ya juya ya ratsa ciyawa ya faɗa ruwa. Balbelu suka tashi gaba ɗaya.

Na ja da baya ina salati. Sai da na hau rabin gangarar sannan wani abu ya faɗo mini. Na juya na dubi inda tsarin ya kwanta, na dubi rumfar. Ni da nake kansa ban gan shi ba.

Inna tana tsaye. Ba ta dafa kowa ba, ba ta dafa komai ba. Baƙin tabarau yana hannunta na hagu, idonta na dama a buɗe tar, yana ƙyalli da ruwa.

Na ƙarasa hawowa a hankali. Na ce, "Inna, daga nan kika hango shi?"

Ta koma ta zauna, tana juya tabaran a hannu kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya.

"Inna, don Allah. Kina gani?"

"Ina gani."

"Tun yaushe?"

"Tun randa anka ɓare abin nan. Yatsun yarinyar nan ta asibiti ukku ta ɗaga, da lalle ga hannunta."

Na zauna a ƙasa a gabanta, ba a kan tabarma ba ma. Na ce, "To me ya sa? Inna, kin san halin da na shiga kuwa?"

Ta ce ta sani, ai tana ganina. Sa'an nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wata ƙawarta ce a Argungu, tare suka yi 'yanmatanci. Ita ma yanar ido ta rufe mata gani, wani mai maganin gargajiya da ke yawo gari-gari ya zo ya taɓa idon da tsinkensa. Nan take ta gani. Aka yi ta murna, aka yi sadaka, ta zaga dangi gida-gida tana gaya wa kowa kalar rigarsa. Ba a rufa wata ba idon ya kumbura, ya yi ja, hasken ya tafi gaba ɗaya, ko rana ba ta ƙara bambancewa da dare ba. Inna ta ce ita ta riƙa kai mata abinci, kuma abin da matar ta fi kuka da shi ba makantar ba ce, murnar da ta yi ce a gaban mutane.

"Sai nic ce bari in yi shiru in gani. In ya tahi, ban ce ma kowa ya zo ba. Kai kuma ba ka shiga kunyar yayanka sau biyu."

"Amma kina bin bango, Inna. Kina laluben kwano."

"Idon a ruhe yake, ai dole in lalaba. Ina buɗe shi kaɗan in na ga ba kowa, in duba ko yana nan, in maida. Tsoro nike kar in ƙarar da shi." Ta ɗan yi murmushi. "Kuma hasken ya yi yawa, Auta. Komi hwari ƙal, kamar an wanke duniya da bula. Ban san haka take ba, na manta."

Na rufe fuska da hannu. Ni da 'ya'yana sun kai sakandare, na zauna a gaban uwata ina kuka kamar an ƙwace mini rake. Ba kukan baƙin ciki ba ne, wani abu ne da ya daɗe a ƙirjina yake saukowa, har na ji bayana ya saki. Matata ta sallame ta zo da sauri tana tambaya ko sara aka yi, don ta ji tsawar tana cikin salla. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ba abin da yas same shi. Ke kuma ashe har yanzu haka kike da kyau, wanga yaro bai gaya mini ba." Matata ta dubi fuskar Inna babu tabarau, ta dube ni, ta saki ɗankwalin da ke hannunta ta rungume ta.

Inna ta kamo haɓata ta juya fuskata wajen haske. Ta daɗe tana dubawa. "Yaushe kay yi hurhura haka?"

Na ce, "Rabinta ta watan nan ce."

Ta ce, "Ƙarya kake, ta gado ce. Haka ubanku ya yi."

Na yi alwala da ragowar ruwan buta bayan ta yi tata, ban sake marmarin gangarar ba. Muka yi salla. Da mai gadi ya dawo na ba shi labarin tsarin, ya ce ya san shi, nan yake shan rana kullum, shi ne ma ya manta bai gargaɗe ni ba. Ya ce ba ya cizo sai an taka shi, amma bulalar wutsiyarsa ba ta da daɗi.

Ba mu tafi da wuri ba. Inna ta ce a bar ta ta more. Ta sa tafin hannu ta yi wa idon rumfa, tana bin ruwan daga wannan gefe zuwa wancan, ba ta gaggawa. Ta nuna mana wani ɗan tsuntsu mai ja-ja-jan baya da dogayen yatsu yana tafiya a kan ganyen bado ba ya nutsewa, ta ce suna yara sukan yi gardama ko aljani ne. Ta ga ƙififiya ta leƙo da kai ta koma. Ta ga wata leda baƙa ta maƙale a jikin waya ta ce wa mai gadi ga aikinsa can. Wani abin ta gane shi, wani ta ce ya yi mata nisa, wani kuma ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba ko a gulbi. Ta daɗe tana kallon bayan hannuwanta, tana murza fatar da yatsa.

Da rana ta yi ƙasa, kirinjijiya suka soma tashi daga cikin burgu, garke bayan garke, suna fito, suna zagaya ruwan kafin su miƙe wajen gonakin shinkafa. Fuskokinsu farare, jikinsu duhu. Suka bi ta saman rumfar har muna jin kaɗawar fikafikansu. Inna ta ɗaga kai ta bi su da ido har wuyanta ya gaji.

"Masu shinkafa ba su gode ma wanga wuri ba," ta ce.

Mai gadi ya ce ƙwarai kuwa, kullum sai an kawo masa ƙara, kamar shi ke aikensu.

A hanyar fita ba ta yarda an riƙe ta ba. Ta bi jingar ita kaɗai, a hankali, tana duban inda za ta sa ƙafa, mu biyu muna biye kamar masu rakiyar amarya. A bakin ƙofa ta yi wa mai gadi addu'a mai tsawo, ta ce in ya je gida ya gaishe da mutanen Augie.

Ban jira kiran Yaya ba, ni na kira shi tun muna cikin keke. Ya ɗauka da "Lahiya?" don ban saba kira a wannan lokaci ba. Na miƙa wa Inna wayar. Ta ce, "Ni ta. Ina gani. Ka ce ma yaran nan su share mini ɗaki da kyau, don in na zo zan duba." Ina jiyo muryarsa daga nesa yana ta hamdala, yana kiran matarsa, yana kiran yara. Da ta maido mini wayar ya ce, "Auta." Na ce na'am. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Ya kashe.

Da muka koma asibiti ta karanta musu allon har layin da ya ba likita dariya, kuma ita da bakinta ta tambaya yaushe za a yi na hagun. Aka yi shi bayan ta huta, wannan karon Yaya ne ya zauna a bakin ɗakin aikin tare da ni. Kafin ta koma Argungu mun sake zuwa tafkin, da yarana duka, ita ce a gaba tana yi musu bayani da muryar da ta karya dokar wurin.

Ranar da za ta tafi ta sa aka fito da akwatinta tsakar gida, wai za ta shirya kaya da kanta. Ta riƙa ɗaga zannuwan da yayyena mata suka saya mata a shekarun da ba ta gani, tana duba kowanne a rana. Ta ware guda huɗu gefe. Akwai wani mai ruwan ɗorawa da manyan furanni shuɗi, ta riƙe shi da yatsu biyu.

"Wa yas sai mini wanga?"

Na ce babbar yayarmu ce, da Sallar bara.

"Kuma nis saka shi?"

"Har gidan suna kin je da shi, Inna."

Ta yi salati, ta ninke shi, ta ce a ba mai wanki in yana so.